Kwale-kwalen da nake ja a bayan jirgi ya tsinke ya tafi, in ci gaba da nema ko in sayi wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni fito nake yi a wajen Ringim, ina da jirgin inji da wani ƙaramin kwale-kwale na katako da nake ɗaurawa a baya saboda shiga gona inda babban ba ya iya shiga. Shekaranjiya muna dawowa da magariba hadari ya taso mana, da muka iso gaɓa na waiga sai igiya kawai na gani. Jiya mun wuni muna yawo da inji har mai ya ƙare ba mu gan shi ba. In haƙura in nemi wani ne ko akwai yadda ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar maka da alheri, kuma alhamdulillahi da ba kowa a cikinsa lokacin da abin ya faru. Ni a kamun kifi da fito na tashi a kogin nan, daga baya na koma ƙira da gyaran kwale-kwale, toh abin da zan fara gaya maka shi ne kar ka sayi komai tukuna, kuma ka daina ƙona mai a tsakiyar kogi. Kwale-kwalen katako a kogin Haɗeja da wuya ya ɓata ɓat, maƙalewa yake yi a wani wuri, kuma yawanci ba mai shi ne ke fara ganinsa ba, wani masunci ne ko manomi ko yaro mai kiwo. Aikinka yanzu shi ne cigiyarka ta riga kwale-kwalen isa duk inda zai je.

Amma kafin nan je ka ɗauko igiyar nan da ta rage a jirginka ka dubi bakinta da kyau, don ita za ta ba ka rabin labarin. In ka ga bakin ya tarwatse zare-zare kamar gemun masara, toh goga ce ta cinye ta, ta daɗe tana gugar bakin katako ko kan ƙusa, hadarin ƙarasa ta kawai ya yi. In ka ga bakin lafiya lau yake sai dai ya ɗan nannaɗe, ƙulli ne ya zame. In kuma zoben ƙarfen ya biyo igiyar har da ɓallin katako a jikinsa, wurin ɗaurin ne ya tumɓuke, wannan kuma ka sa a ranka goshin kwale-kwalen ya samu rauni, mai yiwuwa ruwa ya shige shi da wuri. In ka ga an tattaune bakin ko ya yi baƙi-baƙi ya narke, farfelar injinka ce ta sare ta lokacin da ka rage gudu. Sannan ka auna tsawon abin da ya rage. In guntuwa ce a hannunka, ka yi murna, don doguwar tana can tare da kwale-kwalen yana janta, kuma igiya mai yawo a ruwa ba ta nisa sai ta sarƙe a ƙaidaji ko saiwar giyayya ko tarun kallin wani masunci, kaga bai yi nisa da inda ya rabu da kai ba. In kuma duk igiyar ce ta dawo maka, ba abin da zai riƙe shi sai jikinsa, sai ka faɗaɗa cigiya sosai.

Abu na biyu da yawancin masu nema ke tsallakewa: kwale-kwale in ba ruwa a cikinsa iska yake bi, in ya cika da ruwa sai ya bi gudun ruwa. Wanda yake fayau a saman ruwa yake zaune, ɗan abin da ya nutse na jikinsa bai kai taƙi ɗaya ba, iska kaɗan ma tana tura shi. Kai kuma ka ce hadari ne ya taso muku, hadarinmu na damina daga gabas yake tasowa, kogin kuma gabas ya nufa, wato a wannan awa ɗaya ko biyun na farko iska tana tura shi yamma ruwa yana jansa gabas, abin da ke faruwa sai ya karkace ya nufi gefe ya faɗa cikin ciyawa ko gonar da ruwa ya malale. Na tabbata jiya ku ƙasa kuka bi kuna duba tsakiyar kogi, haka kowa ke yi, alhali sau da yawa yana nan kusa da inda aka rabu, cikin dawa ko shinkafar wani, ganye ya rufe shi. Kai kana zaune a jirgi idonka bai fi kamu biyu daga saman ruwa ba, za ka wuce shi da taku goma ba ka sani ba.

Saboda haka gobe da sassafe, kafin iska ta tashi, koma daidai wurin da ka yi masa ganin ƙarshe. Tambayi duk wanda ke cikin jirgin ranar, wa ya waiga ƙarshe, a daidai wace bishiya ko wane mashigi, kuma a ina ka ji jirgin ya yi sauƙi ko injin ya canza murya, don in kaya ya rabu da jirgi mai riƙe da inji yana ji a hannunsa ko da hankalinsa na kan hadari. Daga nan kashe inji. A ɗauki gora da filafili a bi gefe a hankali, gaɓar nan da waccan, wani kuma ya bi ta tudu a ƙafa ko a babur yana hawa jinga da jigawa da duk bishiyar da ta hawu, don daga sama ake hango jirgin da ya shige ciyawa. Akwai dabarar da nake so ka gwada, ka samu jarka ka zuba mata ruwa ya wuce rabi ka rufe ka jefa a wurin, ka bi ta a baya ba tare da ka taɓa ta ba. Inda ruwa ya kai ta, da kwanar da ta tsaya tana juyawa, nan zai kai kwale-kwalen da ya sha ruwa. Ka lura da bayan kowace kwana inda kara da itace da shara suke taruwa, duk abin da kogi ya ɗauko nan yake ajiyewa.

In ya cika da ruwa kar ka nemi siffar jirgi, ba za ka gan ta ba. Katako ba ya nutsewa ƙasa sai in da nauyi a ciki, irin inji ko yashi ko buhuna, amma yana kwantawa daidai da fuskar ruwa, abin da za ka gani ɗan goshinsa ne kawai ko layin baki biyu, ko ka ga ruwa yana tsagewa a wurin da babu dutse babu kututture. In kifewa ya yi sai ka ga baƙin bayansa mai kwalta, mutane da yawa sun wuce nasu suna zaton gungume ne.

Toh in kuma ya samu tsakiyar ruwa ya miƙa fa? Yi lissafi da kanka. Jefa kara a ruwa ka bi shi ta gaɓa, in tafiyarka ta yau da kullum ce ke daidai da shi, ruwan na yin wajen kilomita 4 a awa, dare ɗaya na awa 10 kilomita 40 kenan in ba abin da ya tare shi. Ba ya samun wannan sakewar a kogin nan, amma cigiyarka sai ta kai can har ta wuce. Kuma ka san halin ruwanmu, ba ruwan saman garinku kaɗai ba ne. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su biyo ta Wudil su zo muku, a samansu akwai dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa na 1992, in sun cika suna zubarwa sai ka ga ruwa ya ƙaru cikin dare ko ɗigo ba a yi a wajenku ba. Ƙarin ruwa yana ɗaga jirgin da ya maƙale ya ƙara gaba da shi ko ya tura shi can cikin fadama, shi ya sa kwanakin farkon nan suke da tsada, kar ka bari su wuce kana zaune kana jimami.

Daga Ringim ruwan zai bi ta ƙasar Taura da Miga, reshen Kafin Hausa ya balle nasa, sauran ya nufi Auyo inda baraj, wato madatsar ruwan aikin noman rani, yake, kuma abu mai girman kwale-kwale da wuya ya wuce nan ba a gan shi ba, toh lallai saƙonka ya kai ga masuntan wurin da masu gadi. Ƙasa da Haɗeja kuwa ruwa rarrabuwa yake yi, ga Marma da ta nufi Nguru ga Burum Gana ga tsohon kogi, ga ciyawar kacala ta toshe ko'ina ta wajen Guri da Kirikasamma, ga masu dumba sun gitta tarkonsu. Ni ban sa ran naka ya kai can ba, na faɗa ne don ka ga yawan shingen da ke gabansa.

Yanzu maganar cigiya, wadda ita ce ainihin neman. Fara da sarkin ruwan garinku, yau ba gobe ba, ka je da kanka ka gaishe shi ka faɗa masa. Su sarakunan ruwa sun san juna tun daga sama har ƙasa, suna da lambobin juna, kuma al'ada ce duk wanda ya tsinci jirgi ko taru a ruwa wurinsu yake kai rahoto. Kira ɗaya da zai yi ya fi maka jarkar mai biyu, da ɗan gari akan ci gari. Sannan mai unguwa da dagaci su sani, don in magana ta taso daga baya kana da shaida cewa ka yi cigiya tun ranar kaza. A faɗa a masallatan Juma'a na garuruwan bakin kogi. A faɗa wa dillalan kifi da masu banda, su ne kullum suke zagaya mashaya-mashaya, da direbobin da ke ɗaukar kifi zuwa kasuwar Haɗeja, da 'yan acaɓa. Ranar Lahadi ka tura wani Gujungu, mutanen ƙauyukan bakin ruwa duk suna cin kasuwar. In kana da hotonsa a waya ka sa a guruf-guruf na WhatsApp na masunta da manoman shinkafa, ka yi saƙon murya don ba kowa ke karatu ba, ka faɗi rana da wuri da tsawonsa da launin fenti da lambar da za a kira, ka ce akwai tukwici.

Sai dai kar ka zazzage duk alamominsa a cigiya. Riƙe biyu ko uku a cikinka, irin facin langa-langa da ke ƙarƙashin wurin zama, ko katakon da aka canza wanda launinsa ya bambanta, ko tsagar da ka cike da tsumma da kwalta. Ranar da aka ce ga wani an tsinta a gari kaza, waɗannan za ka faɗa a gaban sarkin ruwansu tun kafin a nuna maka shi, shikenan magana ta ƙare ba musu. In kafintan da ya ƙera shi yana raye ka tafi da shi, maƙeri yana gane aikin hannunsa ko an sake fenti.

In aka same shi a hannun wani, don Allah ka je da sanyin rai. Mafi yawan mutanen bakin kogi amana gare su, za ka tarar an jawo shi an ɗaure an kwarfe ruwan ana jiran mai shi, wani ma ya bar aikinsa ya shiga ruwa ya wahala kafin ya fito da shi. Ka ba shi tukwici mai kauri daidai ƙarfinka, ka yi wa sarkin ruwansu alheri, gobe kai ne za ka tsinci na wani. In ka tarar yana aiki da shi ma kar ka fara da kiran ɓarawo. Hukuncin tsintuwa a addini sananne ne, cigiya ake yi har shekara, kuma in mai abu ya zo da alamominsa a ba shi kayansa, dattawan garin sun san wannan sarai, ka bar su su yi maganar. Sai in an ƙi gaskiya ƙiri-ƙiri ne za a je wurin hakimi ko 'yan sanda, ni kuma a abin da na gani da wuya ta kai haka.

Wajen fita neman kuma ina roƙonka, mutum uku sun isa, kar a cika jirgi da 'yan taya nema, kar a kai dare, kowa ya sa rigar kariya in akwai, in babu a ɗaura jarkoki marasa komai a kusa da hannu. Ba mu manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari na Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, jirgi ya ɗauki fiye da ƙarfinsa ya kife, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya, Allah ya ji ƙansu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ma ta hana tafiyar dare a ruwa. In ka hango shi cikin ciyawa kar ka yi wuf ka faɗa ciki don murna, fara bubbuga shi da gora, lokacin ambaliya macizai duk abin da ya ɗago sama da ruwa shi suke hawa. Kuma kar ka ɗaura shi da ruwansa ka ja da inji. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kilo 25 kenan, ƙaramin kwale-kwale yana shanye jarka 20 cikin sauƙi, kilo 500 fa, wannan nauyin zai tumɓuke goshinsa ko ya janyo bayan jirginka ƙasa. A lallaɓa shi zuwa inda ƙafa ke taɓa ƙasa, a riƙa tura shi gaba ana dawo da shi baya da ƙarfi ruwan yana fita ta kai da gindi, in bakinsa ya ɗago sai a kwarfe sauran.

In mako biyu ya wuce shiru, toh nemi na aro ko na haya ka ci gaba da aikin gonarka, amma ni da zan ba ka shawara kar ka sa kuɗinka a sabo sai ruwa ya janye, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. A lokacin ne ake ganin abin da fadama ta ɓoye, masu girbi da masu shirin noman rani su ke cin karo da jirage zaune a kan laka a tsakiyar gona, bayan ambaliyar 2020 da ta 2022 an sha ganin haka a ƙasar nan. Ka sabunta cigiya a lokacin. Kuma ko sayen ne ya fi sauƙi bayan ruwa ya tafi, yanzu kowa na nema, mai sayarwa sai abin da ya ce.

In sayen ya zama dole, na hannu ba laifi in ka iya dubawa. A fito da shi tudu a kife, ka bi katakon ƙasa da tsinin wuƙa ko ƙusa, musamman haɗin goshi da na gindi da inda ruwa ke kwanciya a ciki, duk inda wuƙa ta shige ba gardama ruɓa ce ko an shafe ta da sabuwar kwalta. Sabuwar kwalta mai kauri a tsohon jirgi ma ita kanta abin tambaya ce. A mayar da shi ruwa a kwarfe tas ya kwana, da safe ka ga abin da ya tara. Kuma kar ka biya sai a gaban sarkin ruwa ko shaidu da suka san asalinsa, kar kai da ke cigiyar naka ka je ka sayi na wani bawan Allah da ke cigiya. In sabo za a ƙera maka, ka je ka zaɓi katakon da idonka, busasshe, jan katako mai nauyi irin maɗaci a ƙasa in aljihu ya kai, farin katako yana da arha da sauƙin ɗauka amma ba ya jure zaman ruwa. Ɗanyen katako in ya bushe a jikin jirgi sai haɗin ya buɗe. Bayan an gama a bar shi ya sha ruwa kwana biyu-uku katakon ya kumbura ya matse kafin ka ɗora masa kaya.

Ko tsohon ne ya dawo ko sabo ne, gyara yadda kake ja. Zoben da aka kafa da ƙusa a saman goshi ba abin ja ba ne, na ɗaure jirgi a gaɓa ne. A huda katakon goshi mai kauri can ƙasa kusa da ruwa a sa ƙarfe mai noti da washa ta ciki, in ana ja daga ƙasa goshin ɗagawa yake yi, in daga sama ne sai ya riƙa tsoma kai yana wulgawa dama da hagu har ya sha ruwa. Igiya biyu za ka sa, kowace da wurin ɗaurinta daban a can da nan, ta biyun ta ɗan fi saki. Duk inda igiya ta taɓa katako ko ƙarfe a zura mata guntun tiyo. Shuɗiyar igiyar ledar nan da muke saya a kasuwa tana da kyau ɗaya, tana yawo a saman ruwa ba ta saurin shiga farfela, amma santsi gare ta ƙulli ba ya zama, kuma rana na cinye ta, in ka murza ka ga tana gari a hannunka ta gama aiki ko da a ido tana nan kamar sabuwa. Ka zagaya ta sau biyu kafin ka ƙulla, ka bar jela mai tsawo ka cusa ta cikin murɗin igiyar, ka ƙona bakin. Fizga ce ke tsinka igiya ba ja ba, toh ka sa tsohuwar tayar babur a tsakani tana shanye fizgar.

A fili inda ruwa ke da faɗi ka sake masa igiya ya zauna a bayan kumfar injinka, a matsatsi ko cikin kacala ko in za ka tsaya ka janyo shi kusa, musamman in kana gangarowa da ruwa don yana iya cim maka igiya ta yi saki ta faɗa farfela. Kar a bar mutum a ciki ana ja, kar a bar filafili da taru, in da ɗan kaya a sa shi ta baya. Ɗaura jarkoki biyu rufaffu farare ko rawaya a ƙarƙashin wurin zama, suna ɗaga shi in ya sha ruwa kuma ana hango su daga nesa. Rubuta lambar wayarka da fenti a ciki da waje, ka ƙona wata alama da ƙarfe a inda kai kaɗai ka sani. Yaron jirginka kuma ya zauna yana kallon baya, aikinsa kenan, da tocila in yamma ta yi. In ka ga gabas ta haɗe ta yi baƙi kar ka tsaya yin tsere da hadari da jirgi biyu, ka raɓa gaɓa mafi kusa ka ɗaure su duka har ya wuce.

Ka duba bakin igiyar nan yau ka gaya min yadda ka gan shi da tsawon da ya rage, da kuma gaɓar da kuka fi kusa da ita lokacin da iskar ta buge ku, sai in faɗa maka ɓangaren da za ku fara bi gobe in Allah ya kai mu. Allah ya bayyana maka shi.